Tukunyar Tsimin Sarkin Baka

Abubuwa da yawa na aiki sun zube mini a hanya da tsufa ya zo, amma ranar da na durƙusa gaban Sarkin Baka Arzika ina sakin kwanson harsashi a kan dutsen niƙan matarsa tana nan daram a raina. Ku da kuka shigo aikin daji yanzu kuna yawan tambaya me ya sa nake kai kwanso hanci kafin in kai shi ido. Na san wasunku har kwaikwayona suke yi in na ba da baya, ba na jin haushi. Ku gyara zama, yau zan gaya muku dalili.

Lokacin ina sarjan a aikin kula da daji, an ajiye ni a Birnin Konni, a shekarun da suka biyo bayan babban farin nan na tsakiyar shekarun tamanin. Ga wanda bai san tsarinmu ba, sarjan yana sama da gardi, yana ƙasa da ajidan, ajidan kuwa shi ne shugaban buronmu, wato ofishinmu. Namu sunansa Ajidan Sule, mutumin gabas ne, ba shi da yawan magana, kuma ba ya son a maimaita masa abu. A wancan zamani farauta a rufe take. Amma in wata dabba ta addabi gari, mai gari yakan kai kuka wurin sufurefe, wato babban jami'in mulki na yankin, sufurefe ya ba da izini, mu kuma mu fita tare da maharban ƙauyen, don su suka san kowane kwazazzabo da kowane kogo.

Maharba kaɗan ne ke da bindiga irin ta Nasara, wadda muke kira kalibar duz, yawanci tsofaffi, gado daga iyaye. Sabon harsashi kuwa wuyar samu yake yi. Abin da ya cece su shi ne harsasan nasu na da ne, kwansonsu tagulla ne zalla. Kwanso shi ne ɗan bututun nan da ke saura bayan an yi harbi, kuma na tagulla ana iya sake cika shi sau da yawa in an kula da shi. Dokarmu ita ce babu mai cikawa a gida. Daga ƙasar Illela, daga wajen Malbaza, daga Bazaga, kowa ya kawo kwansonsa buro. Aikin kashi biyu ne. Cikawa ta ajidan ce, shi da ma'auninsa a ɗaki mai kwaɗo, ba na sa masa baki. Wanki da tantancewa kuwa nawa ne, kuma a nan ban yarda akwai wanda ya fi ni ba a duk yankin, ba yabon kai ba.

Ga yadda nake yi. In cire mataccen maɓallin wutar da ke gindin kwanson. In jiƙa tsamiya a ƙwarya, in tace, in zuba kwanson su ɗan jima, ba su daɗe ba, don tsamiya in ta samu sake sai ta ci tagulla har ta yi ja. Wannan ba a wurin horo na koya ba, a Illela na gani wurin mahaifiyata, da haka take wanke tasoshinta. In na tsame sai in bi su da toka mai laushi da tsumma, ciki da waje. Sai ɗauraya, ruwa bayan ruwa, har ruwan ya fita fes. Sannan in kife su a faifai cikin rana, baki ƙasa, su bushe ƙayau, saboda ɗigon ruwa ɗaya a ciki ya isa ya kashe albarushi.

Abu na ƙarshe shi ne sauraro. A bakin ɗakin aikina akwai ɗan daɓen siminti da wani direban kamfanin siminti na Malbaza ya zuba mini da ragowar buhu. In ɗaga kwanso kamar taƙi ɗaya, in sake shi a kan daɓen. Lafiyayye yakan yi 'yar ƙara mai zaƙi, ta ɗan ja kafin ta mutu. Mai tsaga kuwa sai ka ji kwaf, shi ke nan, ko da idonka bai ga tsagar ba. Duk wanda ya ce kwaf, guduma ce rabonsa, in murƙushe shi yadda ba zai sake shiga bindiga ba. Dalili kuwa, in kwanso ya fashe a cikin tsohuwar bindigar da bayanta ya yi sako-sako, wutar ba gaba kaɗai take bi ba, tana dawowa fuskar mai harbi.

To, a cikin masu kawo mini kwanso akwai Sarkin Baka Arzika, shugaban maharban wani ƙauye a ƙasar Bazaga. Dattijo ne dogo, busasshe, sa'an kakana, shi ya sa yake kirana jika, ni kuma nake tsokanarsa yadda na ga dama. Idonsa ɗaya ne. Na hagu ƙaya ta tsone shi tun yana saurayi, na dama kuwa Allah ya zuba masa kaifi. A ƙauyensu, in ana neman watan azumi ko na salla, shi ake fitarwa bayan gari ya duba, kuma shi yake fara cewa ga shi can, masu ido biyu suna ta hangen banza. Da wannan idon yake auna bindiga, kuncinsa manne da ita.

Na daɗe da lura cewa kwanson Baba Arzika sun fi na kowa mutuwa. Na mutanen Illela sai a jima ban murƙushe ko ɗaya ba, nasa kuwa duk zuwa sai guduma ta ci. Shi kuma ba ya barin abin ya wuce shiru.

Yakan ce, “Jika, ka hwaɗa min gaskiya, wace yarinya ta kaka ƙera ma zobe da tagullata?”

In ce, “Baba, in zobe nika so, ai sai in nemi tagulla mai rai. Taka ta riga ka tsuhwa.”

Mu yi dariya, ya ɗauki abin da ya saura ya tafi. Na ɗauka tsufan kwanson ne kawai, don tun zamanin ubansa suke.

Da kaka, an gama yankan gero, sai kura ta sauka a ƙauyensu. Ku tuna fari bai daɗe da wucewa ba, mutumin da yake da garke ya koma akuya biyu ko uku, su ne nonon yara, su ne abin fita kunya. Kurar nan ta bi su tana ɗauka, har ta yaga cinyar wani jaki. Aka samu izini, aka yi fitar farko. Ba a same ta ba, amma aka dawo da abin da ya fi haka muni. Nomau, ƙanen Sarkin Baka, shi ma magidanci ne da furfurarsa, ya hango wani abu ya harba, kwanson ya fashe, wuta ta dawo masa. Girarsa ta ƙone, kuncinsa ya saɓule. Allah ya taƙaita, idon bai taɓu ba, amma tsakaninsa da makanta bai kai faɗin yatsa ba.

Ajidan ya kira ni, ya ajiye fasasshen kwanson a kan tebur. Ya ce, “Sarjan Shaibu, wannan daga hannunka ya fito.”

Na ce, “Daga hannuna yah hito, shef, kuma da rai nai yah hito. Ban taɓa miƙa maka kwanson da bai yi min magana bisa daɓe ba.”

Ya ce, “Ni ma na san abin da na zuba a ciki. To in ba kai ba ne, ba ni ba ne, wane ne?”

Na ɗauki kwanson. Tsagar ta taso daga baki ta gangara har kusa da gindi, gefenta kuma da wani tsanwa-tsanwa mai shuɗi, wanda ba irin na tsufa ba. Ban san me ya sa ba, sai na kai shi hanci. A ƙarƙashin ƙaurin albarushi akwai wani wari, mai hawa kai, wanda duk wanda ya taɓa share turken dabbobi ya san shi. Zarnin fitsari ne. Nan take maganar wani tsohon mai gyaran makamai da ya koya mana aiki ta faɗo mini. Ya sha gaya mana kada mu kuskura mu ajiye tagulla kusa da bargar doki ko bayan gida, don zarni yana shiga jikinta ya tsattsaga ta a hankali, musamman in da laima, alhali daga waje tana ƙyalli.

Na gaya wa ajidan. Ya ce, ko a turken awaki suke ajiye harsasan? Na ce maharbi ba ya ajiye harsashi a turke, ya fi daraja shi da haka. Ni da na tashi a ƙauye na san inda zancen ya dosa. Kowane gidan maharba yana da tsiminsa, wato jiƙon magani na gado da suke shafa wa makami don kada harbi ya kuskure. Na kuma san ana zuba fitsarin bijimi a cikin wasu.

Da na gaya masa ina zargin tukunyar tsimin gidan Sarkin Baka, ajidan ya ce abin mai sauƙi ne. A karɓe bindigar tsohon, a fasa tukunyar, fita ta biyu a yi ta ba da shi ba. Na ce masa ya yi haƙuri ya saurare ni. In aka fasa tukunya yau, gobe za a dasa wata a inda ba za mu gani ba. In aka karɓe bindiga, ta Nomau tana nan, kuma na tabbata akwai harsasan da suka sha tsimin nan a hannun tsohon. Mutumin da ake kira Sarkin Baka ba zai zauna gida kura tana cin awakin garinsa ba, ko da izini ko babu. Zai fita shi kaɗai, ya manna idon nan ɗaya a jikin bindiga, ya ja kunama. Ni abin da nake gudu ke nan, ba kurar ba.

Ajidan ya ce, “Ka je. Amma in ranar fita ta zo akwai harsashi ɗaya mai warin nan a hannunsa, ni da kaina zan zaunar da shi, ko ya ji daɗi ko kada ya ji.” Na sara masa na fito. Hukuncinsa daidai ne, ban ga laifinsa ba.

Da safe na hau moto, wato babur, na nufi ƙauyen, da ƙunshin kwanson mutanen Illela da na riga na wanke a aljihu. Na bar hular aiki a buro da gangan. Na fara duba Nomau, fuskarsa shafe da magani, na yi masa sannu. Sannan na shiga gidan Sarkin Baka. Na same shi a inuwar rumbu yana gyaran igiyar bindiga, matarsa Inna Hajo tana niƙa a gefe. Muka gaisa, aka kawo fura na sha. Tun kafin in ajiye ludayi iska ta kawo mini amsar tambayata daga bayan rumbun.

Na ce, “Baba, hancina ya gaishe da tukunyarka tun ban gan ta ba.”

Fuskarsa ta canza. Ya ce, “Wanga ba zancen buro ba na, jika.”

Na ce, “Ban zo da buro ba. Dubi kaina, babu hula.”

Ya daɗe yana kallona da idon nan, sannan ya tashi, na bi shi. Tukunya ce baƙa, an binne rabinta a ƙasa, an rufe da faifai. Da ya ɗaga faifan sai da hawaye suka zo mini. A cikin ruwan, tare da saiwoyi, ga kwanson da aka riga aka harba suna jiƙe, suna jiran ranar da za a kai mini. A bakin tukunyar kuma, cikin 'yar raga da aka rataye, ga harsasan da ajidan ya cika. Bai tsoma su ba, ya san ruwa na kashe albarushi. Ya dai rataye su ne su sha tururin maganin, tun daga damina. Tsohon nan da hankalinsa yake aikinsa, abu ɗaya ne kawai bai sani ba.

Na gaya masa a fili cewa tsimin nan ne ya fasa kwanson Nomau. Ya ce tsimin nan ya girmi ubana, bai taɓa cutar kowa ba. Na nuna masa wata siririyar tsaga a bakin wani kwanso, ya juya shi a rana ya ce shi bai ga komai ba. Gaskiyarsa ce, idon da ke hango wata a sama ba ya ganin abu a tafin hannu, tsufa ya riga ya karɓe wannan. Na ga in na tsaya gardamar ido, har la'asar ba za mu gama ba.

Sai na juya wurin Inna Hajo na ce ta ara mini dutsen niƙanta. Ta share garin ta matsa, tana cewa in dai ban sa mata warin nan a kai ba. Na ɗauraye kwanson tukunya da ruwa, na goge, na shanya su suka sha iska. Na zazzage na Illela a gefe ɗaya. Na ce, “Baba, rufe idonka. Yau kunne za shi aiki.”

Na saki na Illela a kan dutsen, ya yi ƙararsa mai zaƙi. Na saki wani, haka. Na ɗauko na tukunya na saki. Kwaf. Tsohon ya ɗan karkata kai. Na sake sakin na Illela, sannan na tukunya. Kwaf. Maharbi ne, mutumin da ke rarrabe takun gada da na dila a cikin busasshen ganye, ba sai an yi masa bayani ba. Ya buɗe ido ya ce in ba shi. Ya gauraya su duka da hannunsa don kada in yi masa wayo, ya rufe ido, ya dinga saki yana warewa, masu ƙara dama, masu kwaf hagu. Da ya gama ya bi na hagu yana shinshinawa. Babu na Illela ko ɗaya a cikinsu. Wasu daga nasa sun yi ƙara, amma mafi yawa suna hagu.

Ya zauna. Na san abin da yake aunawa ba tagulla ba ce, ubansa ne da kakansa. Can sai ya ce, kamar da kansa yake magana, “Kakana don kibiya yah haɗa shi. Ubana ga bindigar toka yash shahwa shi, ƙarhe da itace. Ni na nik kai shi ga tagulla. Babu wanda yac ce in yi.”

Na ce, “Maganin bai yi laihi ba, Baba. An ba shi abincin da ba nai ba na.”

Ya tashi ya kwance ragar, ya miƙo mini harsasan da ke ciki gaba ɗaya. Na ji sanyi a raina, na fara ɗaure su a tsumma, ina ganin aiki ya ƙare. Sai Inna Hajo, ba ta ko ɗago kai daga garin da take tarawa ba, ta ce, “Ɗan nan, tambaye shi abin da ad damtse nai.”

Tsohon ya daka mata harara. Ta ce, “Harare ni da kyau, tun kana da abin hararar. In yat tahi, ni ka jan ka zuwa masallaci, kuma ƙahwahuna sun gaji.”

Ashe a cikin kambun da ke damtsensa na hagu, ƙarƙashin riga, akwai harsashi ɗaya. Shi ne ya fi kowane daɗewa a bakin tukunya, shi ya keɓe wa kurar. Ya ce wannan ba ya bayarwa. Kwansonsa na ubansa ne, da shi uban ya yi harbinsa na ƙarshe, kuma ya riga ya yi wa mutanen gari alkawari da shi zai kashe ta. Ya ce in gwada shi a dutse in ina so. Na ce cikakken harsashi ba a sakinsa a dutse, kuma ko an sake shi ba ya magana, sai an zazzage shi, zazzagewa kuwa sai ajidan.

A nan ne na daina wasa. Na ce masa, “Baba, ba ni da ikon ƙwace shi, kuma ba ni ƙwacewa. Amma na ga huskar Nomau da sahen ga. Shi ido biyu gare shi, da an ɗauki guda da saura guda. Kai in an ɗauka, mi as saura? Wallahi tsoro nika ji, kuma ban iya ɓoye maka.”

Ya dubi matarsa, ya dube ni. Bai ba ni ba. Ya ce zai kawo shi Konni da ƙafarsa ranar kasuwa, a zazzage a gabansa, ya saki kwanson da hannunsa. In ya yi ƙara, a mayar masa da abinsa a cike. Na yarda, bisa sharaɗin ba zai sa shi a bindiga ba kafin nan. Ya ɗora hannu a kambun ya ce ya yi alkawari. Na koma na gaya wa ajidan, ya ce, “Ka yarda da maganarsa?” Na ce na yarda, in ya saɓa a cire mini igiyar sarjan. Kwanakin nan ban ci abinci da daɗi ba, don kurar ba ta san da alkawarinmu ba, ta sake ɗaukar akuya.

Ranar kasuwa da hantsi sai ga shi a amalanken jaki. Ya kwance kambun a gaban ajidan, ya zaro harsashin. Wallahi ƙyalli yake yi, ya sha guga da tsumma, in ka gan shi ka ce yau aka ƙera shi. Ajidan ya shiga da shi ɗakinsa, ya bar ƙofa a buɗe don tsohon ya gani, ya zazzage shi, ya fito da kwanson ya miƙa masa da hannu biyu. Muka taru a bakin daɓena. Baba Arzika ya durƙusa, ya yi bisimilla, ya ɗaga shi taƙi ɗaya ya saki.

Kwaf.

Ya ɗauka ya ɗan matsa bakin da babban yatsa. Tagullar ta buɗe a tsaye har tsakiya, ba tare da ya sa ƙarfi ba. Tsohon ya ɗaga tafin hannunsa ya rufe idonsa na dama, ya zauna a haka cikin duhu, mu muna tsaye a kansa. Ya jima. Da ya sauke hannun sai ya ce, “Haka za ni zamna ke nan.” Sannan ya ce, “Alhamdu lillahi.”

Na ɗauko guduma bisa doka, sai ya riƙe mini hannu. Ya ce na ubansa ne. Na dubi ajidan, na roƙi a bar ni in yanke shi da zarto maimakon murƙushewa, in bar gindin kaɗai, guntun da ba zai yi wa bindiga amfani ba. Ajidan ya ce a yi haka. Ya kuma ba da umarni a cika wa tsohon daga cikin kwanson da ke ajiye a buro, waɗanda na wanke na saurara ɗaya bayan ɗaya. Duk na tukunya kuwa, har masu ƙarar, ban bar ko ɗaya ya koma bindiga ba, don tagullar da ta sha zarni ba a ba ta amana.

Ranar fita ta biyu, da rana tsaka muka kewaye duwatsun da kurar ke kwana. Sarkin Baka ya zo da tsiminsa a 'yar gora, ya shafe hannuwansa har gwiwa, ya shafe kotar bindigar, wadda itace ce, bai bar ɗigo ya kusanci harsashi ba. Ajidan da ke tsaye kusa da shi ya toshe hanci ya koma ta inda iska ke fitowa, maharba suna ta dariya. Aka yi hayaƙi a bakin kogo, kurar ta fito a guje, kuma tsohon ne ya same ta, harbi ɗaya. Ya buɗe bindigar ya zaro kwanson da zafinsa, ya nemi wani falalen dutse ya sake shi. Ya yi ƙara. Ya ce, “Jika, ka ji tsimi.” Na ce, “Na ji tsamiya dai.” Har ya rasu ba mu daidaita a kan wannan ba.

Daga baya an mayar da ni wani wuri, shekaru suka shige. Wata rana bayan ƙaramar salla sai ga Nomau ya neme ni, da tabonsa a kunci. Ya ce Sarkin Baka ya rasu cikin azumin nan, kuma shi ne ya ga watan azumin, kamar kullum, aka tallafo shi zuwa bayan gari ya ɗaga sanda ya nuna. Sannan ya miƙo mini wani ɗan abu a ƙunshe. Guntun kwanson nan ne. Tsohon ya kai wa baduku ya yi masa murfin fata, ya mayar da shi tandun kwalli, da shi yake sa wa idonsa kwalli duk safiya. Ya bar wasiyya a kawo wa jikansa na buro. Na karɓa, na shiga ɗaki, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina.

Abin da na koya, ku riƙe shi. Kwanso ba a hannunka yake rayuwa ba. Yana yini ɗaya wurinka, ya yi watanni a gidan mai shi, kuma in ba ka san inda yake kwana ba, wankinka ƙyalli ne kawai. Mutanen nan kuma ba wawaye ba ne, duk abin da suke yi da dalilinsa. In ka fasa musu tukunya za su ɓoye maka harsashi, in ka ba su dutse suka ji da kunnensu, da kansu za su kwance kambu. Shi ya sa har yau nake kai kwanso hanci, ku yi ta dariyarku. Tandun kuwa ga shi nan a aljihuna, ku karɓa ku duba, amma ku riƙe shi da kyau, da sauran kwallinsa a ciki.